Ruwa Ya Fara Isa Gona: Nasiha ga Matasa Masu Aikin Kwamfuta

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, waɗanda Allah Ya hore wa ilmin kwamfuta a wannan zamani, ko a Kazaure kuka samo shi, ko a Dutse, ko a kwalejin Binyaminu Usman da ke nan Haɗeja, ko kuwa da kanku kuka tsinto shi a kan wayar hannu bayan kowa ya yi barci, ina so in yi muku magana a kan wani aiki wanda babu makawa za a kira waɗansunku su yi shi, in ma ba a riga an kira su ba. Dalili kuwa shi ne injinan casar shinkafa, da kamfanonin sayen riɗi da zoɓorodo, da ƙungiyoyin manoman rani sun yawaita a ƙasar nan, har littafin akawu da kiran waya sun soma gazawa wajen riƙe lissafinsu. Aikin shi ne gina wa ma'aikata intanet ɗinta na cikin gida, wato zaure a cikin kwamfuta wanda ba ya buɗuwa sai ga mutanen gidan, inda manaja da ma'aji da mai tsaron sito da direba za su sami farashin yini, da adadin kayan da ke ajiye, da takardun izini, da umarnin shugabanni, ba tare da wani ya hau babur ya kai wa wani takarda ba.

Ranar da za a kira ɗayanku, na san yadda zancen zai kasance. Alhaji, mai kamfanin, zai zaunar da kai a ofishinsa, ya sa a kawo maka lemo, ya ce, “Yaro, so nake ka sa mini kome a kwamfuta.” Kai kuma, da yake jinin ƙuruciya yana tafasa, kuma kana ɗokin nuna cewa karatunka bai tafi a banza ba, za ka koma gida ka zana tsari mai faɗi wanda ya haɗa albashi da hutun ma'aikata da lissafin man motoci da bashin manoma da hoton kowane ma'aikaci, ka ce a ba ka shekara ɗaya da rabi da kuɗi kaza, sa'an nan ka rufe ƙofa kana gini, ba wanda ya ga kome sai ranar buɗewa. Wannan hanya ita ce nake so in janye ku daga gare ta, kuma ba ni da hujjar da ta fi kogin da ke bayan garinmu.

A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin ƙasar Haɗeja tana cikin Jihar Kano, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Chalawa. A cikin wannan babban tsari har da aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke ƙasar Auyo, wanda aka soma a farkon shekarun 1980 da niyyar shayar da dubban hekta, ya tsaya saboda ƙarancin kuɗi, aka koma masa a shekarun 1990, aka sake ɗaga shi a 2018 da taimakon Bankin Duniya, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo a watan Janairu na 2023 ya ƙaddamar da sama da hekta 5,000. To, ku lissafa da kanku: yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka fara haƙa, ya yi furfura a gemu kafin a yi wannan biki. Madatsar Kafin Zaki kuwa, wadda aka yi niyyar ginawa a kan kogin Jama'are a ƙasar Bauchi, tun shekarun 1970 ake maganarta, an fara an daina, har yau ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ban kawo wannan don in ci mutuncin injiniyoyin da suka zana waɗannan ayyuka ba, domin masana ne, kuma amfanin abin da aka kammala a bayyane yake ga duk wanda ya ratsa Kadawa ko Auyo da rani ya ga kore ya rufe ƙasa. Abin lura shi ne, aikin da ba ya ba da amfani sai an gama shi duka, ransa yana hannun abubuwan da mai aikin ba shi da iko a kansu, kamar farashin man fetur a kasuwar duniya, da juyin mulki, da canjin minista, da faɗuwar darajar naira.

A cikin waɗannan shekaru na jira, me manomin fadama ya yi? Tun daga shekarun 1980, da hukumomin aikin gona suka fara yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, sa'an nan aka hana shigo da alkama daga waje a 1987, sai ya bar jigo, ya sayi inji guda, ko ya yi tarayya da ɗan'uwansa a kansa, ya shayar da ɗan fegin da ƙarfinsa zai iya, ya sayar da tumatir da tattasai da albasa a wannan ranin, ya biya bashin injin, da wani ranin ya zagayo ya ƙara kadada. Kowace shekara akwai abin da ya shiga aljihunsa, kowace shekara kuma akwai abin da ya koya game da ƙasar da ruwan wanda babu taswirar da za ta gaya masa. In ya yi kuskure, hasararsa ta rani ɗaya ce. Haka nake so ku yi da intanet ɗin cikin gida, ku sa ruwa ya isa gona ta farko cikin makonni kaɗan, mutane su sha amfaninsa, sa'an nan ku ja shi zuwa ta biyu.

Kada ku zaci wannan ra'ayin tsohon ƙauye ne wanda bai san yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba ba. Gwamnatin Ingila ta soma wani gagarumin shiri a 2002 na haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocinta duka a tsari ɗaya, aka ba manyan kamfanoni kwangila, aka zuba kusan fam biliyan 10, amma a 2011 aka ba da sanarwar wargaza shi alhali babbar manufarsa ba ta cika ba. Cikin dalilan da aka ambata har da cewa an zana shi daga sama, ba a saurari likitoci da ma'aikatan jinya da za su yi aiki da shi yadda ya kamata ba. Shi kuwa wannan tsari na shafukan intanet da duniya duka take buɗewa a yau, asalinsa aikin cikin gida ne. A watan Maris na 1989 wani Bature mai suna Tim Berners-Lee ya rubuta wa shugabanninsa shawara a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Janeba, a kan yadda za a daina ɓatar da bayanai a tsakanin ma'aikatan wurin, kuma ɗaya daga abubuwan farko da suka sa abokan aikinsa suka karɓi abin shi ne littafin lambobin wayar ma'aikata, wanda aka sauƙaƙa musu duba shi. Littafin lambobin waya kawai! Daga baya, a watan Fabrairu na 2001, masana 17 suka taru a jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa wadda jigonta shi ne a riƙa miƙa wa mai aiki manhaja mai amfani a kai a kai, a kuma karɓi canjin ra'ayinsa ko da aiki ya yi nisa. Duniyar masu wannan sana'a ta ɗauki abin kamar sabon wahayi, alhali ɗalibin da ya zauna a zauren malami ya san cewa tadriji tsohuwar hikima ce, tun da Alƙur'ani mai girma a cikin shekara 23 ya sauka, kuma haramcin giya mataki mataki ya zo, saboda zukatan mutane ba sa ɗaukar canji a dunƙule.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce sanin abin da za a fara da shi, kuma a nan ne mafi yawan matasa suke zamewa, domin suna farawa da abin da ya fi musu daɗin ginawa, ko abin da zai fi burge Alhaji a ranar nuni. Malaman usulu, musamman Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa maslahar bayi kashi uku: akwai larura, wadda in ta ɓace rayuwa ta ɓaci, akwai buƙata, wadda in babu ita ana shiga ƙunci amma ba a halaka, akwai kuma ƙawa, wadda take ƙara kyau da kamala. Ban ga ma'aunin da ya fi wannan dacewa da aikinku ba. Mu ƙaddara kamfani ne mai injin casa a Haɗeja, yana da masu saya masa shanshera a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. Da kaka, farashi yana iya motsawa tsakanin hantsi da la'asar, manaja yana kiran wannan yana kiran wancan, sabis ya ɗauke a Guri, sai mai sayen can ya wuni yana biyan farashin jiya, ko kuma ya ƙi saye da farashin da abokan gasa suka riga suka wuce, kaya su tafi hannun wani. Da yamma kuma babu wanda ya san tabbacin buhu nawa ke kowane sito, sai a tura mota ta dawo rabi, an ƙona mai a banza. Nan ne jinin kamfanin yake zuba, saboda haka nan ne larura. Shafi guda ɗaya, mai nuna farashin yau da sa'ar da aka sanya shi da sunan wanda ya sanya, da wuri guda inda kowane mai sito zai shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita, aiki ne na mako biyu ko uku ga wanda ya san hannunsa, kuma tun kafin kaka ta wuce Alhaji zai ga bambanci a cikin ribarsa. Takardar neman hutu da ta neman kuɗin tafiya buƙata ce, ta jira. Hoton shugaban kamfani da tarihin kafuwarsa da launin shafi, waɗannan ƙawa ce, kuma wanda ya shagala da nafila alhali farilla tana kansa, kun san hukuncinsa.

Ba kuwa za ka gane larurar gida kana zaune a ofishin manaja mai sanyi ba. Sai ka tafi bakin sikeli ka wuni tare da akawu, ka ga yadda yake rubutu da hannu ɗaya yana kore ƙura da ɗayan, ka ji yadda dillali yake jayayya a kan danshin shinkafa, ka lura da cewa mai tsaron sito yana da wani ɗan littafi nasa na kansa wanda ya fi na kamfani gaskiya, ka tambaye shi cikin ladabi, “Baba, me ya sa kake riƙe wannan?” Amsar da zai ba ka ta fi darasin wata guda. A can ne za ka gane cewa kwamfutar tebur ba ta da wurin zama a rumfar saye, wayar hannu ce abin aiki, kuma wayar ma ba mai tsada ba. Cewa data kuɗi ce, shafi mai nauyin hotuna zalunci ne ga mai ƙaramin albashi. Cewa dole abin ya karɓi lissafi ko babu sabis, ya riƙe shi har sabis ya dawo ya aika, musamman da damina, lokacin da ambaliya takan yanke hanyoyi, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022, har a koma shiga waɗansu garuruwan da kwalekwale. Cewa rubutun ya zama da Hausa, kuma akwai dattawan da ajami ya fi musu boko sauƙi, waɗanda saƙon murya ya fi musu kome. Ku sani kuma abokin gasarku na gaskiya shi ne WhatsApp, wanda kowa ya riga ya iya. In abin da kuka gina bai fi shi sauƙi ba, ko bai warware abin da shi ya kasa warwarewa ba, wato saƙon farashi ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, to, mutane za su yi muku godiya a baki su koma inda suka saba.

Masu nazarin tattalin arziki, irin su Edward Barbier da abokan aikinsa, sun auna a shekarun 1990 abin da fadamun Haɗeja zuwa Nguru suke bayarwa ta hanyar noma da kamun kifi da itacen wuta, suka tarar cewa, in aka kwatanta da yawan ruwan da ake sha, amfaninsu ya fi na babban aikin ban ruwa da ke sama nesa ba kusa ba. Masunta da makiyaya da masu noman shinkafar ambaliya sun daɗe da sanin haka, sai dai ba a zaunar da su ba lokacin da ake zane. A kowace ma'aikata akwai irin waɗannan mutane na ƙasan kogi, direba da ɗan dako da mai gadi, waɗanda sabon tsari zai iya tare musu abin da suke rayuwa da shi ba tare da mai tsarin ya sani ba. Wanda yake sakin aikinsa kaɗan kaɗan yana jin kukansu tun cutar tana ƙarama, ya gyara, shura kuwa ba ta da wani amfani in an yi ta bayan an gama gini.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi ɗaya gefen, don kada wani ya ɗauki maganata ta zama lasisin aikin gaggawa da rashin tsari. Akwai abubuwan da ba sa karɓar tadriji. Ba a gina rabin bangon madatsa a ce a tara ruwa a gani, kuma in aka kuskure gangaren babbar magudana tun farko, duk ƙananan da za a ja daga gare ta sun ɓaci. A aikinku, irin waɗannan kaɗan ne, amma tilas a yanke su tun ranar farko. Kowane manomi da kowane sito da kowace mota su sami lamba guda wadda ba ta canzawa, domin Muhammadu Sani ba ɗaya ba ne a Kafin Hausa, kuma ranar da aka ɗora bashin wani a kan wani, an ci haƙƙi, an kuma zubar da mutuncin tsarin gaba ɗaya. A daidaita ma'auni, a san ko da kilo ake lissafi ko da buhu, in da buhu ne a san na kilo nawa, kada sashe ɗaya ya rubuta tiya wani ya rubuta kilo, a zo haɗawa a rasa kai. A kuma tsara wanda zai ga me, domin albashin mutum da bashinsa da lambar asusunsa amana ce a wuyanku, kowa ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, kada a yi mabuɗi ɗaya na gayya, kuma ranar da aka sallami ma'aikaci a rufe ƙofarsa a ranar. Sa'an nan a riƙa ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam da ginin, a riƙa gwada dawo da shi lokaci lokaci, domin wanda ya zauna a ƙasar da ruwa yake shiga ɗaki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Bayan waɗannan, sauran duka ana iya rushewa a sake, kuma kada ku ji ciwon rushe abin da kuka gina in amfani ya nuna ba shi ne ba, domin ujubu da aikin hannu ciwo ne da ya fi kama masu fasaha.

Ku kula da lokaci kuma. Shekarar ƙasar nan tana da numfashinta, ba a kawo wa akawu sabon tsari a tsakiyar kaka, motoci sun yi layi, masu kaya suna jiran kuɗinsu. A gwada shi tun kafin girbi, a sito ɗaya, da mutum biyu ko uku masu haƙuri, littafin takarda yana tafiya tare da shi har a ga lissafinsu ya yi daidai na 'yan makonni, sa'an nan a ajiye littafin. Wanda ya karɓa da farko ya ga amfani, shi zai jawo sauran, kuma maganarsa a wurin shan shayi ta fi takardar umarni daga manaja tasiri.

Akwai wata cuta da take zuwa daga baya, ita ce ta tsohon bayani. Kun ga yadda kacala ta cika magudanan kogin nan tun da ruwa ya daina janyewa sarai da rani, ta toshe hanya, ta karkatar da ruwa inda ba a so, ta zama mafakar jan baki masu cinye hatsi, har jama'a suna fita gayya da lauje suna yankanta. Shafin da aka bar farashin makon jiya a kansa, ko sunan ma'aikacin da ya bar aiki tun bara, haka yake yi, kuma mutum in ya dogara da shi sau ɗaya ya yi hasara ba zai sake buɗe shi ba. Saboda haka kada ku ƙara sabon sashe sai an sami wani ɗan gidan, da sunansa, wanda ya ɗauki nauyin sabunta shi, kuma a rubuta sunan nan a kan shafin kowa ya gani. Sashen da ya rasa mai shi, gara a rufe shi.

Saura maganar kuɗi, wadda matasa suke jin kunyarta har ta cuce su. Alhaji yana iya cewa shi babban abu yake so, irin wanda ya gani a Legas ko Dubai, ya kuma ga kamar ƙanƙantar matakin farko raini ne ga girman kamfaninsa. Kada ka yi musu da shi a gaban yaransa. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, “Ranka ya daɗe, babban abin za mu yi in sha Allahu, amma ka ba ni mako uku in fara toshe inda kuɗinka yake zuba, in ka ga amfani mu ci gaba, in ba ka gani ba hasararka kaɗan ce.” Ɗan kasuwa ya san wannan harshe, domin shi ma ba ya sayen tirela guda ta kaya sai ya soka buhu ya duba. A rubuta yarjejeniya a kan kowane mataki dabam, da aikinsa da kuɗinsa da ranar miƙa shi da shaidu, yadda shari'a ta so a yi a mu'amala, domin ijara a kan aikin da ba a san iyakarsa ba ƙofar garari ce da husuma. Kafin a fara, ku auna halin da ake ciki, mota nawa take dawowa ba cika a mako, yini nawa ake ɗauka kafin a haɗa lissafin wata, sa'an nan ku sake aunawa bayan an yi amfani da abin, don magana ta zama da hujja a hannu. Duk matakin da kuka miƙa, ku miƙa shi da mabuɗansa, wato kalmomin sirri na babban asusu su kasance a hannun mai kamfani, tare da 'yan shafuka na bayanin yadda aka haɗa abin, ta yadda in aiki ya kai ku Abuja, ko ajali ya zo, wani yaron daga Malam Madori zai zauna ya karanta ya ɗora daga inda kuka tsaya.